Waƙar da Within Temptation suka dawo da ita: siyasa ce ta gaske ko neman kasuwa?

"Salam Oga, barka da aiki. Wani abokina da ke karatu a waje ne ya turo min waƙar The Reckoning ta Within Temptation, yace wai da ita suka dawo bayan sun kusa watsewa, kuma wai waƙar siyasa ce. Ni dai na saurara na sake saurara, kiɗan ya shige ni sosai, amma ban ji an kama sunan wani shugaba ko jam'iyya ba, to ina siyasar take? Kuma anya ba dabarar neman kasuwa bace irin ta mawaƙin da aka fara mantawa da shi?"

Wa'alaikumus salam ƙanina, na gode da wannan tambaya. In na fahimce ka abu biyu kake son sani, na farko ta yaya waƙa za ta zama ta siyasa alhali ba a ambaci kowa a ciki ba, na biyu kuma ko mutanen nan da gaske suke ko kuwa sun ga kasuwa ta ja baya ne suka rarumo siyasa don a waiwaye su. Abin da na gani shine siyasar tana nan, amma a wannan waƙar a lulluɓe take, har ma ta yi lulluɓin da yawa, sai bayan shekaru suka buɗe baki suka faɗi wa suke nufi. Zargin neman kasuwa kuwa ban yarda da shi ba, zan kuma faɗa maka dalili. Aikina haɗa sauti ne a situdiyo, kuma na daɗe ina bibiyar wannan salon kiɗa saboda shi ne ya fi koya min yadda ake cusa kayan kiɗa masu yawa a waƙa ɗaya ba tare da sun danne juna ba, don haka da kunnen mai aikin zan amsa maka.

Su waye, kuma daga ina suka dawo

Within Temptation 'yan ƙasar Holan ne, an kafa ƙungiyar a 1996 a wani ƙaramin gari mai suna Waddinxveen. Mutum biyu ne ginshiƙanta, Sharon den Adel mai rera waƙa da Robert Westerholt mai kaɗa jita, wanda kuma shi ne uban 'ya'yanta. Salon da suke yi shi ake kira simfonik metal, wato a ɗauko kiɗan metal mai jitar lantarki mai gurnani da ganguna masu nauyi, a ɗora masa kiɗan okestira irin na Turai, gogen Turawa da kakaki da taron mawaƙa masu amshi, sannan mafi yawa a sa mace mai zaƙin murya a gaba. Salon ya taso ne a tsakiyar shekarun 1990, da ƙungiyoyi irin su Therion daga Suwidin, Nightwish daga Finlan wadda ita ma a 1996 aka kafa ta, sai su, daga baya Epica ta biyo su ita ma daga Holan.

Abin da ya kamata ka riƙe shine a farko wannan salon ba ruwansa da labaran duniya. Waƙoƙin daji ne da dusar ƙanƙara da tatsuniya da mala'iku da soyayyar da ta ƙare da kuka. Albam ɗin da ya fito da su duniya, Mother Earth na 2000, haka yake. Sun kai ƙololuwar wannan salo a 2008 lokacin da suka yi wasa a zauren Ahoy na Rotterdam tare da cikakkiyar okestira ta Metropole, wasan da suka fitar da sunan Black Symphony. Ba wai basu taɓa leƙa tarihi ba, a albam ɗin 2007 akwai waƙar da suka sa muryar Winston Churchill, firaministan Birtaniya na lokacin yaƙin duniya na biyu, daga jawabinsa na 1940, amma wannan yaƙin da ya wuce ne, ba wanda zai yi fushi da kai don ka zagi Hitila. Epica ce ma ta riga su taɓa abin da ke da zafi, tun a albam ɗinta na farko a 2003 ta yi waƙa kan harin 11 ga Satumba har da muryar Tony Blair, firaministan Birtaniya na lokacin, a ciki. Shi kansa metal ɗin asali ba baƙon siyasa bane, 'yan ƙungiyar Black Sabbath da suka haife shi a Birmingham ta Ingila sun yi waƙar tsine wa masu tura yara yaƙi tun 1970, lokacin yaƙin Biyetnam.

To sai aka zo 2014 suka fitar da albam ɗin Hydra, suka yi dogon rangadin wasanni a kansa, daga nan kuma sai shiru. Sharon da bakinta ta faɗa a hirarraki cewa ta ƙone ƙurmus, gajiya ta cinye ta, ta zauna rubuta waƙa ta kasa, ga mahaifinta ba lafiya, ga yara a gida (Robert ma tun 2011 ya daina bin su rangadi don ya zauna da yaran, yana aiki daga situdiyo), har ta kai ba ta da tabbas ko za ta sake yi wa ƙungiyar waƙa. Abin da ya cece ta shine ta koma gefe ta yi wani albam nata ita kaɗai mai sanyin kiɗa da sunan My Indigo, ya fito a Afrilun 2018. Sai da ta amayar da abin da ke cinta a can sannan ta iya komawa. A Satumban 2018 The Reckoning ta fito, tare da Jacoby Shaddix mawaƙin ƙungiyar Papa Roach daga Amurka, sannan albam ɗin Resist, wanda waƙar ke cikinsa, ya biyo a ranar 1 ga Fabrairun 2019. Kaga shekara 5 kenan tsakanin albam da albam, wanda a wannan sana'a ba ƙaramin giɓi bane.

Ina siyasar take

Mu a nan in aka ce waƙar siyasa abin da ke zuwa ranmu shine ɗan takara da jam'iyya, a wasa wane a yi wa wane zambo da habaici, sau da yawa ma wanda aka wasa ɗin ne ya biya kuɗin situdiyo. Ni kaina na haɗa irinsu da yawa lokacin kamfen, kuma ba raina su nake ba, sana'a ce mai ƙa'idarta. Amma in da wannan kunnen ka saurari The Reckoning ba za ka ji komai ba, domin ita ba mutum take nuna wa yatsa ba, tsari take nunawa. Maganar da ƙungiyar ta yi ta nanatawa game da Resist ita ce mutane su farka su ga yadda manyan kamfanonin fasaha da gwamnatoci ke tattara bayanansu, suna bibiyar abin da suke karantawa, suna zaɓa musu abin da za su gani a waya, har su juya musu tunani ba su sani ba.

Duba shekarar da ta fito sai abin ya fi fito maka fili. A Maris ɗin 2018 ne badaƙalar Cambridge Analytica ta fashe, aka gano kamfanin ya kwashi bayanan mutane miliyoyi daga Facebook ba da izininsu ba don aikin zaɓe, har Mark Zuckerberg shugaban Facebook ya je gaban majalisar Amurka a Afrilu yana amsa tambayoyi. Wannan labarin ma ya taɓo mu, don jaridun Ingila sun ruwaito cewa an ɗauki hayar kamfanin a zaɓen Najeriya na 2015 don a ɓata Buhari. A watan Maris ɗin dai, a ƙasarsu Holan, an yi ƙuri'ar raba gardama kan wata sabuwar doka da ta bai wa hukumomin leƙen asiri damar kwasar bayanan intanet da yawa a lokaci guda, masu cewa a'a suka ɗan rinjayi masu cewa e, amma duk da haka dokar ta fara aiki a Mayu bayan alkawarin 'yan gyare-gyare. A 25 ga Mayun kuma dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai ta fara aiki. Alaƙanta waƙar da waccan ƙuri'a fassarata ce, ba maganar ƙungiyar bace, amma mutumin Holan da ya ji waƙar a Satumban wannan shekara baya buƙatar a yi masa bayanin me ake nufi da ana kallonka.

Bidiyon ma haka ya bi, hamada ce bayan duniya ta lalace, ga wasu injina daga sama suna farautar mutane, 'yan ƙungiyar suna gudu daga baya su juyo su yi fito-na-fito. Babu tuta, babu fuskar shugaba.

Amma ni inda na fi jin siyasar ba a baitoci bane, a cikin sautin ne, kuma nan ne nake so ka ɗan tsaya. Babbar matsalar mai haɗa simfonik metal ita ce jitar lantarki mai gurnani da gogen okestira wuri ɗaya suke zama a kunne, wato tsakiyar sauti, inda ita ma muryar mutum take. In ka ɗaga jita goge ya ɓace, in ka ɗaga goge jita ta zama kamar ƙudan zuma a cikin gwangwani. Tsohuwar dabarar da suke bi ita ce a rage wa jita kaifi a bar wa okestira sarari ta yi ado, muryar Sharon kuma ta tashi can sama ta yi shawagi, shi ya sa tsofaffin waƙoƙinsu ke sa ka ji kamar kana wata duniya mai kyau. A The Reckoning sun juya lissafin. Abin da ya buɗe waƙar wani sauti ne mai kama da ƙahon yaƙi amma kana ji ka san na'ura ce ta haife shi ba huhun mutum ba, jitar an sauke ta ƙasa sosai ta koma tana aikin ganga, gangunan an matse su sun zama dunƙule ɗaya, kuma wurin da okestira ta saba zama yanzu sautin kwamfuta ne ya cika shi. Ita kanta Sharon ta sauko daga can sama tana rerawa da ƙirji, Jacoby kuma ya shigo da muryarsa mai kaushi.

Na taɓa gwada wannan da wani yaro da ya kawo min waƙa kan rashin aikin yi, ya dage sai an cika masa ita da goge saboda a ganinsa shi ne zai sa mutane kuka. Muna zaune na sa hannu na kashe layukan gogen duka ba tare da na faɗa masa ba, na bar ganga da bes da wani siririn sauti na kibod mai maimaita kansa, sai na ga ya ajiye wayarsa ya miƙe zaune yace Oga me ka taɓa. Kalmomin basu canza ba ko ɗaya, amma waƙar ta tashi daga ban tausayi ta koma fushi. Abin da Within Temptation suka yi kenan a babban mataki. Mutanen da suka shekara 20 suna gina suna a kan kiɗan da ke ɗauke ka daga duniya, sun zo za su yi magana kan na'ura ta mamaye rayuwa, sai suka bar na'ura ta mamaye kiɗan. Tsofaffin masoyansu da yawa sun yi ƙorafi cewa wannan ba simfonik bane kuma, kuma suna da gaskiya ta wani ɓangare, amma ba don kasala aka yi hakan ba.

Zancen neman kasuwa

Ba laifi bane ka yi wannan zargin, don ana yi. Kuma akwai hujjar da ke bayanka, sun gayyato baƙon mawaƙi daga Amurka mai tarin masoya, sun sassauta kiɗan ya kusanci abin da rediyo ke so, kuma albam ɗin ya yi kasuwa, ya hau na ɗaya a Jamus. Sannan faɗa da "masu juya mu" ba tare da ka faɗi sunansu ba abu ne mai arha, ɗan hagu mai ra'ayin kawo sauyi zai ce da kamfanoni ake, ɗan dama mai ra'ayin riƙau zai ce da gwamnati da 'yan jarida ake, mai yarda da ƙulle-ƙullen ƙarya ma zai ce ai shi ake wa waƙa. Kowa ya saya, ba wanda ya ji haushi. Wannan shi ne raunin The Reckoning a wurina kuma ba zan ɓoye shi ba, waƙa ce mai ƙarfin jiki amma mai tsoron kama suna. Har rangadin Resist ɗin ma a Rasha suka fara shi a Oktoban 2018, ba wanda ya ga wani abin tayar da hankali a ciki.

Abin da ya sa duk da haka ban yarda da zargin ba shine abin da suka yi daga baya. Ni a aikina hanyar da nake gane mawaƙin da ke nufin abin da yake faɗa ita ce in ga ko zai ci gaba lokacin da maganar ta fara ci masa kuɗi. Mai neman kasuwa yana taɓa siyasa sau ɗaya, in ta biya ya maimaita daidai irinta, in ta yi zafi ya gudu. Su kuwa sai ƙara matsowa suke. Daga 2020 suka koma fitar da waƙoƙi ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin kamfaninsu, kuma dalilin da suka bayar shine suna so su yi magana kan abu tun yana da zafi, ba sai an jira albam shekara biyu ba. Da Rasha ta afka wa Yukren a Fabrairun 2022 basu yi kwana-kwana ba, suka fito fili suka goyi bayan Yukren, alhali Rasha na cikin wuraren da suke cika zaure. A 2023 suka fitar da waƙar Wireless, labarin sojan da aka cika wa kunne da farfaganda ya tafi yaƙi yana zaton ceto ya je yi, sai ya tarar shi ne azzalumin. Ka lura zaren ɗaya ne da na 2018, wato wanda ke riƙe da abin da kake gani shi ke riƙe da kai, sai dai yanzu an san ƙasar da ake nufi. Waƙar Bleed Out, wadda albam ɗin Oktoban 2023 ya ci sunanta, kan matan Iran ce bayan mutuwar Mahsa Amini, yarinya 'yar shekara 22 da ta rasu a Satumban 2022 a hannun 'yan sandan ɗa'a a Tehran bayan sun kama ta kan batun ɗaura kallabi, iyalanta suka ce dukanta aka yi, hukuma tace rashin lafiya ce, ƙasar ta ɓarke da zanga-zanga. Sai a 2024 suka yi A Fool's Parade tare da mawaƙin Yukren Alex Yarmak, Sharon ta tafi Kiyef babban birnin Yukren da ƙafarta ana tsakiyar yaƙi aka ɗauki bidiyon a can, kuɗin waƙar kuma suka ce na gidauniyar agaji ta Music Saves UA ne.

Akwai wani abu da ke taimakawa wajen gane zafin da 'yan Holan ke ji kan wannan yaƙi. A 17 ga Yulin 2014 an harbo jirgin fasinja na Malesiya mai lamba MH17 a gabashin Yukren, ya taso ne daga Amsterdam, mutum 298 suka mutu, 196 daga ciki 'yan Holan ne, kuma a Nuwamban 2022 kotun Holan ta samu mutum uku da laifi a bayan idonsu, biyu 'yan Rasha ɗaya ɗan Yukren mai goyon bayan Rasha. A ƙaramar ƙasa irin wannan, rasa mutum kusan 200 a rana ɗaya ba abin da ake mantawa bane. Don haka in mawaƙiyar Holan ta yi magana kan Yukren, ba labarin nesa take ba.

Yanzu in ka koma ka saurari The Reckoning da wannan a ranka, za ka ji ta a matsayin matakin farko na mutanen da ke koyon magana. Ra'ayina shine siyasar ce ma ta dawo da su, ba wai sun dawo ne suka nemo siyasa ba. Mace ce da ta kai shekara 40 da wani abu, ta gaji da rubuta tatsuniya, mahaifinta na jinya, ta rasa dalilin da zai sa ta sake hawa dandamali, kuma dalilin da ta samu shine ta yi waƙa kan duniyar da 'ya'yanta za su girma a ciki. Na sha ganin haka a situdiyo, mawaƙi ya ƙafe tsawon lokaci ba don muryarsa ta tafi ba sai don abin da ya saba faɗa ya daina yi masa ma'ana.

Inda zan ja maka kunne

Kada ka ɗauka don na ce da gaske suke, to duk matsayarsu daidai ce ko dole ka bi. Siyasarsu ta Turawan Yamma masu sassaucin ra'ayi ce, da abin da take gani da abin da take kau da kai. A Yulin 2022, makonni kaɗan bayan kotun ƙolin Amurka ta soke hukuncin da ya ba da damar zubar da ciki a faɗin ƙasar, sun fitar da Don't Pray for Me wadda ke kare 'yancin mutum ya zaɓa wa kansa ba tare da an ɗora masa aƙidar wani ba, kuma sun danganta ta da wannan batu. Ni a nan ban tare da su, kuma na san mafi yawan masu karanta wannan ma haka. Batun Iran ma yana da fuskoki da yawa da waƙar minti huɗu ba za ta ɗauka ba. Ana iya yarda mutum ba maƙaryaci bane kuma a ƙi abin da ya faɗa. Hukuncin sauraron kiɗa a addini kuwa fagen malamai ne, can za ka kai wannan. Abin da zan iya shaida a kai shine wannan ƙungiyar ba ta cikin masu waƙar bautar shaiɗan da ake jingina wa metal, wancan wani reshe ne daban da ya yi ƙaurin suna a Nowe a farkon shekarun 1990 har da ƙona coci-coci.

Sannan kada ka ɗora wa waƙa abin da ba za ta iya ba. The Reckoning bata rage wa Facebook ko kwabo ba, su kansu a YouTube da Spotify da Instagram suka tallata ta, wato a kan injin da suke kuka da shi, bidiyon Wireless ma da fasahar ƙirƙirarriyar basira aka haɗa shi, abin da ya jawo musu suka daga masu zane da ke ganin ana cinye musu sana'a. Abin da irin wannan waƙa ke iyawa ƙarami ne amma na gaske ne, ta sa yaron da ya zo don jita ya tafi da tambaya, ko ta tara kuɗin da zai kai wa wasu abinci da magani.

In kana so ka gwada maganata da kunnenka, nemi iyafis mai kyau, kada ka saurara ta lasifikar waya don ƙasan sautin duk ɓacewa yake kuma a can rabin aikin yake. Fara da wata waƙa daga wasan Black Symphony ka ji yadda okestira ke numfashi, sai ka sa The Reckoning ka lura da abin da aka cire da abin da aka sa a madadinsa, daga nan ka wuce Wireless kana karanta baitocin a rubuce, domin Turancin waƙar metal ko wanda ya iya yaren sosai yakan sha wuya kafin ya tsince shi a cikin gurnanin jita.